Murjanin Baba Yana Fari

Wata baiwar Allah ta rubuto min a ƙarƙashin labarin nan cewa, "Haba ke kuwa, a kan kifi za ki bari miji ya wuce ki?" Na gode, 'yar uwa. Gwaggona ta riga ki faɗa, kuma ta fi ki iya faɗa. Gyara ɗaya zan yi miki: ba kifi ba ne. Kifi huɗu ne kacal a ciki, su kuwa ko a jikinsu. Murjani ne.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni. Mahaifina injiniyan jirgin ruwa ne, shekara talatin ya yi a ɗakin inji. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da akwati biyu da wani ɗan reshe a kwalba, bai kai tsawon yatsa ba. Murjani, amma ba irin wanda ake hudawa a yi abin wuya ba. Wannan mai rai ne. Halitta ce mai kama da itace, tana gina ƙashinta da allin da ke cikin ruwan teku, tana rayuwa da haske. Baba ya haɗa masa tankin gilashi a falo, lita ɗari uku, daidai bangon da Umma ta so a sa kabad ɗin kwanukanta. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Yanzu reshen ya zama bishiya mai faɗin babban tire, shuɗiya, bakin rassanta kamar an tsoma su a tawada.

Ina can wajen karatu, inda sai an canza jirgi sau biyu, aka kira ni bara cewa ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na dawo na same shi a kujera. Magana ta tafi. Rubutu ma ya tafi. In aka sa masa biro a hannun hagu sai ya yi ta kallonsa kamar baƙon abu. Abin da ya rage masa hannun nan ɗaya, da zoben azurfa, da ido. Ranar da na iso, ko mayafi ban cire ba, ya kama wuyan hannuna ya ɗora tafina a jikin gilashin. Na ce, "Na ji, Baba." Alkawarin ke nan. Ban yi kuka ba. Na je na nemo littafinsa.

Littafi ne mai baƙin bango, gefensa duk ya kumbura da jiƙa. Kowace rana da layinta: zafin ruwa, yawan alli, tsami, awannin fitila. Na ɗora daga inda rubutunsa ya tsaya. Dama sana'ata ce. A ɗakin gwajin ruwan sha nake aiki, daga takwas zuwa huɗu ina ɗiga magani a kwalba ina jiran launi ya canza. Ku riƙe wannan, don nan gaba za ku so yi min dariya.

Sai Mai Haƙora.

Likitan haƙori ne. Ya zo gida ya cire wa Baba turmi ɗaya da ya rube, ya tsaya gaban tankin ya fi minti goma, ya tambaye ni ko ganye ne. Na yi masa bayani da lambobi. Tun ranar yake ce min Ma'auni. Wata takwas ke nan yana zuwa duk Lahadi da yamma, cikin farar riga mai guga kamar takarda, yana ƙanshin sabulun asibiti. Ba shi da aibin da zan nuna muku. Ba kuma wanda ya tilasta min shi. Na dai gaya masa gaskiya tun farko.

"Ba zan bar gidan nan ba sai akwai wanda zai iya riƙe tankin."

"Mu ɗauke shi mana."

"Ka ɗauke wa Baba abin da yake kallo daga safe zuwa yamma?"

"To ki riƙa zuwa."

"Daga gidanka zuwa nan awa ɗaya da rabi ne in hanya ta cushe. Shi kuma safe da yamma yake son ido."

Ya sosa ƙeya ya ce zai jira. Shi ya iya jira. Kawunnansa ne ba su iya ba. Suka aiko cewa Asabar ɗin nan suna tafe su ji inda aka kwana.

Mako uku da suka wuce, na durƙusa ina goge gilashi sai na hango fari a gindin bishiyar. Ɗan kaɗan, kamar farcen jariri. Murjani in ya yi irin wannan farin, naman ne ya zame ya bar ƙashi. Washegari ya ƙaru. Kwana uku ya zagaye gindin ya fara hawa.

Na yi duk abin da aka koya min. Na auna zafi: ashirin da biyar da rabi, daidai. Na auna dattin kifi: babu. Na rage fitila daga awa tara zuwa bakwai, na ce ko hasken ne ya yi masa yawa. Da farin bai tsaya ba na mayar da ita, na ce ko duhun ne. Akwai farfela biyu da ke kaɗa ruwan ciki, don murjani ba ya son ruwa kwance. Na ciro su na wanke, na juya fuskar ɗaya ta daina bugun gindin kai tsaye. Alli ne kawai na ga ya ɗan hau, sai na ce ai mara lafiya ba ya ci, shi ya sa abinci ya yi saura a kwano. Har daɗi na ji da na samo wannan hujjar.

Abu ɗaya ban auna ba: gishiri. Ga dalilina. Kullum ruwan tanki yana tashi da zafin fitila, kamar lita huɗu, amma gishirin ba ya bin tururi, yana nan ƙasa. Saboda haka duk yamma in na dawo sai in ɗebo ruwa zalla daga farin durom ɗin da ke sito, wanda na'urar tace ruwa ke cika shi da kanta, in ƙara har layin da Baba ya ja da baƙin alƙalami a kusurwar gilashi. Muddin ana haka gishiri ba ya gaba ba ya baya. Wata goma yana tsaye a talatin da biyar, har na daina ɓata lokacina a kansa. A 'yan makonnin nan na lura ruwan ba ya sauka sosai, kofi biyu sun isa. Na ce garin ne ya yi sanyi-sanyi.

Baba kuwa ya canza. Ina shigowa da yamma, kafin in ajiye jaka, zai fara buga zobensa a hannun kujera. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya kalle ni, ya kalli Umma, ya kalli tanki, ya kai yatsa ya taɓa harshensa. In miƙa masa ruwa, ya ture. In kawo magani, ya kau da kai. Har madubi na haska bakinsa ko wani haƙorin ne.

Ranar Lahadi Gwaggo ta zo. Yayar Baba ce, ita ta goya shi, kuma ba ta bari a manta. Ta shigo cikin leshi ruwan malmo, awarwaro har gwiwar hannu, jaka ta kai girman matashin kai. Ta same ni a ƙasa, kwalabe shida a jere a gabana.

"Baturiya, ana bautar kwalabe?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo."

"Yawwa. Ya mai jiki? Ba ƙanena nake tambaya ba, wancan dutsen da ake jinya."

"Da sauƙi."

"Da sauƙi, ga shi ya fara furfura. Ya riga ki, amma kina hanya."

Umma ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta tafi kawo shayi. Baba ya fara. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ni, Umma, tanki, harshe.

Gwaggo ta ajiye jaka. "Kin gani ko? Ku ba ku jin maganarsa, ni tun yana tsumma nake ji. Cewa yake ki saki gilashin nan, ki yi koyi da uwarki, ki buɗe baki ki ba mutane amsa. Ko ba haka ba, Injiniya?"

Baba ya buga da ƙarfi.

"Ato. Ya ce haka ne."

'Yan uwa, na yarda da ita. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Na zauna ina kallon mahaifina ina tunanin ya gaji da ni, ko kuwa ya ga na kasa, yana so in tafi kafin in ƙarasa kashe masa abinsa. Ranar Mai Haƙora bai samu zuwa ba, sai saƙonsa ya shigo da yamma.

*Ma'auni, ya bishiyarmu?*

*Ta Baba ce. Farin ya kai reshen farko.*

*Kar ki damu. Ina da labari mai daɗi, amma sai Asabar.*

*Ba na son labari. Ina son in san me ke cin ta.*

Ya turo hoton haƙori yana murmushi.

Talata da safe na manta katin shiga ofis. Na kai har bakin ƙofa, mai gadi ya san fuskata sarai amma ya ce doka doka ce. Na juyo gida. Ƙarfe tara da 'yan mintoci na buɗe ƙofar falo a hankali, don lokacin Baba kan ɗan yi gyangyaɗi.

Ba ya gyangyaɗi. Tun daga baranda nake jin zoben.

Umma na tsaye gaban tankin, cikin doguwar rigarta ta zaman gida mai zanen ganye, ta naɗe hannu har gwiwa. A kan ɗan tebur ga babban jug ɗin roba cike da ruwa, ga kwano da farin gari a ciki. Na san garin. Gishirin teku ne na Baba, wanda nake haɗa sabon ruwa da shi. Tana juya jug ɗin da ludayi. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta tsoma yatsa a tanki ta lasa. Ta ɗan yi shiru tana kallon sama, kamar yadda take yi a bakin tukunya. Ta ƙara rabin cokali.

Baba yana bugu, gumi na bin goshinsa.

"Yi haƙuri, Injiniya, na kusa," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Kullum sai ka yi min faɗa. Ni ma na iya fa. Ka bar yarinyar nan ta tafi ɗakinta, ni da kai mun ishi dutsen nan."

Ta ɗaga jug.

"Umma!"

Ta firgita, ruwa ya fantsama a rigarta. Sai kuma ta yi murmushi irin na wanda aka kama yana ɓoye kyauta.

"Kash, kin ɓata mana shiri. Sai Asabar muka so ki sani."

"Me kike zubawa?"

"Ruwa mana. Zuwa layin Babanki. Duba ki gani, ko sau ɗaya ban wuce ba."

"Gishirin fa?"

"Au, wannan ai dabarata ce." Ta gyara tsayuwa. "Ranar farko na ɗebo na farin durom na ɗanɗana, na ji shi lami. Na ɗanɗana na tanki, na ji gishiri rau. Na ce in na zuba musu wannan ai na surke musu ruwa. Sai na riƙa sawa har ya zo daidai. Harshena ba ya kuskure, kin sani."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana ashirin da uku."

Na buɗe durowa na ɗauko ma'aunin gishiri, ɗan bututu ne mai gilashi a baki: ka ɗiga ruwa, ka rufe, ka leƙa ta wajen haske ka ga inda layi ya tsaya. Ƙura ce a jikin akwatinsa. Na ɗiga, na je taga, na leƙa.

Arba'in da biyu.

Na goge na sake. Arba'in da biyu.

Ni mai takardar shaida daga ƙetare. Ni mai gwada ruwan da dubban mutane ke sha. Mako uku ina wasa da fitila da farfela, amsar tana cikin durowa.

Na juyo. Baba ya daina bugu. Ya jingina kai da kujera, hannunsa ya saki, kamar wanda ya sauke buhu. Yatsa a harshe. Gishiri yake cewa. Kwana ashirin da uku yana zaune ana zuba wa abinsa guba a gabansa da safe, da yamma kuma 'yarsa ta miƙo masa ruwan sha.

"Lafiya?" in ji Umma. "Nawa ya nuna?"

Na nemi hanyar da zan faɗa mata ba tare da na soke ta ba. Babu.

"Umma, in miya ta daɗe a wuta ta ƙafe, me kike ƙarawa?"

"Ruwa."

"Da gishiri?"

"Wane irin gishiri kuma, ai sai ta yi..."

Ta tsaya. Na ga maganar tana sauka a fuskarta. Ta kalli jug, ta kalli farin da ke gindin bishiyar, ta kalli mijinta. Ludayin ya faɗi a kan tayil.

"Ni ce?"

"Ni ce ban auna ba."

"Injiniya, abin da kake gaya min ke nan?"

Baba ya lumshe ido sau ɗaya.

Ta zauna a hannun kujerar da ke kusa, ta ciro wayarta daga aljihu ta miƙo min ba tare da na tambaya ba. Sunan da ta sa wa Mai Haƙora *Ɗana Likita*. Na yi sama da saƙonnin har na farko.

*Umma, na bincika. Aikin da ya fi ɗaure ta shi ne ƙarin ruwa na kullum. Ku riƙa cikawa zuwa layin da safe bayan ta fita. Kar ku gaya mata tukuna, sai kun ƙware.*

Ƙasa da shi hotuna ashirin da biyu, kowace safiya ɗaya: kusurwar gilashi, baƙin layi, ruwa daidai. Ƙarƙashin kowanne da amsarsa. *Madalla, Umma. Kun fi Ma'auni iyawa.*

Na kira shi.

"Ma'auni, lafiya da safen nan? Ina da mutum a kujera, baki a buɗe."

"Wane ruwa ka ce wa Umma ta zuba?"

"Ruwa dai. Ruwan tankin."

"Wanne?"

"Iri biyu ne?"

Na kashe. Da na ci gaba da na faɗi abin da ba ya gogewa.

Yanzu ga inda abin ya fi ciwo. Ka gano cuta, maganin yana sito, durom guda, amma ba halin ka ba da shi. Zuciyata na cewa kwashe rabin tankin ki cika da ruwa zalla yanzun nan. Hannuna har ya kai kan bokiti. Zoben ya yi ƙara sau ɗaya. Na buɗe littafin, na koma baya shekara bakwai, lokacin da wani abu makamancin haka ya taɓa samunsa, ga rubutunsa ya ja layi biyu a ƙasa: *Abin da ya hau a hankali, a hankali ake sauke shi. Ɗaya a yini. Gaggawa ta fi cutar kisa.*

Ɗaya a yini. Daga arba'in da biyu zuwa talatin da biyar, kwana bakwai. Farin kuwa yanzu faɗin yatsa biyu yake ci kowace rana, kuma in ya kama hanya ba ya jiran a gyara ruwa. Na sa ma'aunin tela a jikin gilashi na ƙiyasta. Kwana huɗu zai kai ƙarshen rassan. Asabar ke nan. Ban san wa ya tsara wannan ba, amma ya iya mugun wasa.

Shafi na gaba ya faɗi abin da ya rage: a yanke rassan da ke da sauran lafiya, sama da farin, a manna su a wani dutse su fara sabuwar rayuwa. Uwar kuma a bar wa Allah.

Na kwashe lita bakwai na mayar da ruwa zalla, da ɗan siririn tiyo, ɗigo-ɗigo. Na kira ofis na ce ba ni da lafiya, ban kuma yi ƙarya ba. Sannan na ɗauko almakashin Baba mai kaurin baki, na hau kujera, na zura hannu cikin ruwan har kafaɗa. Na kama reshen da ya fi kowanne shuɗi.

Hannuna ya hau rawa. Ba kaɗan ba. Bakin almakashin yana bugun rassan da ke gefe, har wani ɗan tsinke ya ɓalle ya faɗi kan yashi. Na fito da hannu, na jira, na sake. Haka. Shekara goma sha ɗaya na mutum, a ce ni zan sa masa ƙarfe. Umma na bakin ƙofar kicin, ta ƙi shigowa falon, ta rufe baki da gefen ɗankwali.

A duk mutanen da na sani, mutum ɗaya ne sana'arsa yanke ƙashi a wuri mai jiƙa, matsattse, ba tare da hannunsa ya motsa ba. Na tsani hakan. Na ɗauki waya.

*Ka zo da abin yankanka. Ka dafa shi, kar sabulu ya taɓa.*

*Ina hanya tun ɗazu.*

Ƙarfe ɗaya ya iso, cikin koriyar rigar aiki, takalmin roba, ba guga ba ƙanshi. Bayansa sai ga Gwaggo, wai ta zo a tsara wurin zaman baƙin Asabar. Bai kalle ni ba. Ya wuce ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, laifina ne. Na ba da umarni a kan abin da ban sani ba."

"Wane laifi?" in ji Gwaggo. "Likita, tashi, kar ka ɓata gwiwar wando. Me aka yi?"

Mai Haƙora ya miƙe. Ya wanke hannu da ruwa zalla har sau uku, ya hau kujerar. Na tsaya gefe da kofi uku cike da ruwan tanki.

"Ina zan yanke?"

"Sama da farin da faɗin yatsa. In ka bar ko ɗigo zai bi shi."

Ya zura hannu. Ko ruwan bai girgiza ba. Ya ɗora bakin ƙarfen a reshen, ya dakata, sai ya juya kai ya kalli Baba, ba ni ba.

"Nan, Baba?"

Shiru.

Ya matsa sama kaɗan. "Nan?"

Shiru.

Ya ƙara.

Ƙwas.

Ya datse. Wata 'yar ƙara ta fito daga cikin ruwan, kamar an karya alli a aji. Ya miƙo min reshen, na sa a kofi. Na saci kallon Baba. Idonsa a buɗe tar, bai ko ƙifta ba, irin kallon mutumin da ya koma ɗakin injinsa. A mako uku, yau ne karo na farko da wani ya yi masa tambaya ya tsaya jin amsa.

Haka suka yi na biyu. Haka na uku. Da ya nufi na huɗu Baba ya buga sau biyu, ya tsaya. Sauran duk farin ya riga ya shiga.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Yau na ga ana yi wa dutse tiyata."

Muka manna biyu a kan ƙananan duwatsu da ƙaron da Baba ke ajiyewa, muka sa su can gefe inda ruwa ke wucewa a hankali, na rage fitila don kar ta ƙone su. Sun rufe jikinsu ruf, sun yi launin toka. Ko za su kama, ko ba za su kama ba, sai bayan kwana biyar ko shida a sani. Uwar tana tsakiya da guntayen rassa uku, farin yana ci gaba da aikinsa. Ba abin da zan ƙara yi mata. Na tsaya hannu na ɗigar ruwa.

Na ɗauko littafin zan rubuta lambar yau. Ƙwas. Baba na kallon ƙofar kicin.

"Umma, ke yake kira."

"A'a. Ni na gama taɓa abin nan har abada."

Ƙwas. Ƙwas.

Ta tako kamar mai tafiya a kan ƙaya. Na miƙa mata ma'aunin, na nuna mata yadda ake ɗigawa. Ta je taga ta rufe ido ɗaya.

"Ina ganin layi. Tsakanin arba'in da ɗaya da arba'in da biyu."

"Rubuta."

Ta karɓi biro. Rubutunta manya ne, masu kwanciya, ƙarƙashin nawa, ƙarƙashin nasa.

"Gobe fa?"

"Gobe ki sake aunawa kafin ki zuba komai. Kuma lami za ki zuba."

"Lami," in ji ta. Ta goge ido da bayan hannu. "Shekara talatin da huɗu ina girki."

Sai a lokacin na fahimci abin da ya faru a gabana. Wata takwas ina fakewa da magana ɗaya, cewa babu mai riƙe tankin. Ga ta nan tsaye da littafin a ƙirji, kuma duk duniya ba wanda zai ƙara kiyaye gishirin nan kamar matar da ta taɓa kuskure a kansa.

Saura kofi na uku a kan ɗan teburin da ke gefen Baba. Na kai hannu zan ɗauka in manna. Ya riga ni. Ya sa bayan yatsunsa ya tura kofin a hankali, ruwan na rawa, ya wuce ni, har ya tsaya a bakin teburin, gaban Mai Haƙora.

Gwaggo ta tafa hannu, awarwaro suka amsa. "Shi ke nan! Magana ta ƙare. Ya ba shi. Wa ke da sauran zance?"

"Gwaggo, shekaranjiya ma kin fassara."

"Wannan ko makaho ya gani, Baturiya."

Wataƙila. Wataƙila kuma cewa yake wanda ya yanke shi ya manna, don hannunsa ya fi nawa tsayuwa. Wataƙila hasken taga ne ya yi wa kofin yawa a inda yake. Mutumin nan mun yi mako uku muna sa masa magana a baki, ba zan ƙara ba. Na durƙusa daidai fuskarsa.

"Baba, me kake nufi? In abin da Gwaggo ta ce ne, buga ɗaya. In ba shi ba ne, buga biyu."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya zare hannunsa daga kan kujerar, ya ɗora a cinya, ya rufe zoben da gefen bargo. Ya lumshe ido.

Mai Haƙora ya ɗauki kofin da hannu biyu. Rigarsa ta jiƙe har kafaɗa. Ya matso, ya yi ƙasa da murya yadda Gwaggo ba za ta ji ba, ko da yake ta miƙo wuya.

"Minti nawa zai iya yi a kofi?"

"Ashirin. Ruwan zai huce."

"To. In manna shi a nan, ko in nemo masa tanki a can gidana?"

"Baba bai ce..."

"Ba Baba na tambaya ba, Ma'auni."

Na kalli durowar. Kwalabe shida, ma'auni uku, littafi guda. Babu ko ɗaya da ake ɗiga wannan a kai a leƙa ta taga.

Agogon bango ya ce biyu saura kwata. Reshen na kwance a gindin kofin, shuɗinsa bai gama tafiya ba.